Roba Mai Jan Murfi

"Pimer, karɓi nan, kada kuma ki soma mini wa'azi."

Ta ɓular danga maƙwabciyata ta miƙo mini, ɓular da muka fi shekara ashirin muna miƙa wa juna gishiri da garwashi ta cikinta. 'Yar roba ce mai jan murfi, da ɗan cokali a maƙale, an manna mata takarda mai ɗauke da sunanta, Atimango, da wata lamba. Ni kuwa ina tsugune ina fasa kifin angara, hannuna duk gishiri da ƙarnin kifi.

Na ce, "Me zan yi da ita, Yaya? Miya zan zubo miki?"

"Ji 'yar banza! Kin fi kowa sanin abin da ake zubawa. Yau masu bincike za su zo. Naki za ki sa mini."

Na yi dariya har wuƙa ta kusa yanka ni. Da na ɗaga kai na ga ita ba dariya take ba, sai tawa ta tsaya.

Masu binciken nan bara suka zo mana da farar mota, suka kafa rumfa a gindin mangwaron ɗakin shan magani. Ciwon hantar da yake cinye mu mutanen bakin tafki suke bi, wanda tsutsar ruwa ke kawowa, ciki ya kumbura, mutum ya rame. Sun fi neman masu ciwon suga, wai suna so su gane ko suga na ƙara wa hanta wahala. Atimango duk biyun tana da su, sai suka rubuta ta. Ni na ce a kai kasuwa, lafiyata ƙalau, kuma ba na ba kowa jinina. Duk wata uku sukan dawo, su tsaga mata yatsa, su shafa mata wani mai mai sanyi a ciki su ɗauki hoto, sannan ta kai musu bayan gida a robar nan.

"Naki fa, me ya same shi?" na tambaye ta.

Ta waiga ta ga babu kowa, sannan ta matso da bakinta jikin danga. "Baƙi ne. Baƙi ƙirin kamar kwalta. Yau kwana huɗu."

Na san ma'anarsa. Ba zan ce ban sani ba, Allah na gani. Ranar da Sista Giramia, ma'aikaciyar jinyar masu binciken, take yi wa mata bayani, ina gefe da tiren kifina, da kunnena na ji. Ta ce duk wadda ta ga nata ya yi baƙi kada ta kwana, jijiya ce a maƙogwaro take tsiyayar jini zuwa ciki. Za su kai ta babban asibiti a motarsu, a zura tiyo mai fitila ta baki a ɗaure jijiyar kafin ta fashe.

Na ce, "To ai sai ki kai naki, su kai ki a ɗaure."

"A ɗaure? Kamar yadda aka ɗaure wa Okethi?"

Okethi mijinta ne. Shekara shida da suka wuce aka zura masa tiyon, ya dawo naɗe a tabarma. Ni na san sai da ya amayar da jini cikin kwano guda kafin a kai shi, an riga an makara. Ita kuwa a wurinta tiyo ne ya kashe shi, ko Fada na coci bai iya cire mata wannan ba.

"Ganyen rogo ne na cika ci," ta ce. "Kuma ki duba 'yata Kayeny, haihuwa yau ko gobe, cikin fari. Wa zai riƙe ta? Uwar mijin nan nata da ko kaza ba ta iya riƙewa? Bari ta sauka lafiya in wanke jikana da hannuna, daga nan su zura mini ko igiyar kwale-kwale ce. Wata guda kawai, Pimer. Na taɓa roƙonki wani abu?"

Ba ta taɓa ba, gaskiya. Ita ce ma da mijina ya nitse a tafki ta koya mini yadda ake gishirta kifi, ta ba ni gefen rumfarta ta shanya. Na goge hannuna a zani, na karɓi robar, na zagaya baya.

Da na miƙa mata ta ɓular, ta ɗaga ta sama tana dubawa. "Kai, Pimer, me kike ci haka? Ashe ke ce ke cinye ribar kifin!"

"Ba ni abina tunda raini ne!"

Muka yi ta dariya kamar yara. Dariyar nan ita ta fi damuna yanzu, na rantse.

Da rana ta dawo tana taku ɗai-ɗai. Ta ce Sista ta gwada a gabanta, babu jini ko ɗigo, har ta tafa mata ta ce, "Mama, hanjinki lafiya lau." Suga ne kawai ya ɗan hau, aka yi mata faɗa kan shayi. Sista ta ce idonta ya yi fari, ta ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Sauran abin cikin robar kuma sun tafi da shi birni, a duba ƙwan tsutsa a madubin ƙara girma.

Sati uku ina kallonta. Matar da ke ɗauko bahon kifi daga bakin ruwa har gida ba ta sauke ba, ta koma sai ta huta sau uku. Tafin hannunta ya yi fari fat. In na ce, "Yaya, yaya abin nan?" sai ta ce, "Yana nan yana gaishe ki." In na matsa, ta ce in ji da kifina.

Ranar kasuwar Panyimur, sai ga Sista Giramia a gaban tirena, ta zo sayen angara. Ta zaɓi biyu, ta ce, "Mama, yaya maƙwabciyarki?" Maganar ta zo mini har bakin haƙori. Babu Atimango a wurin, babu mai jin mu, kalma uku sun isa. Na tuna yadda za ta kalle ni in farar mota ta tsaya a ƙofarta, na tuna kuma ni ce zan faɗi da bakina ƙazantar da na yi. Kunya ce ta riƙe ni, ba wata amana ba. Na ce, "Lafiyarta lau, Sista," na ƙara mata ƙaramin kifi gyara.

Kwana biyar bayan nan, rana tsaka, muna juya kifi a rumfar shanya. Tana ba ni labarin zanin goyon da ta saya, sai ta yi shiru, ta dafa itacen rumfar. Na ɗauka tari za ta yi. Jini ne ya zubo, ba kaɗan ba, ya wanke kifin da ke gabanta, ya gangaro ƙasa. Na kurma ihu. Mata suka yo kanmu, wani ya ruga ya kirawo mai babur. Aka ɗora ta a tsakiya, ni a baya na rungume ta, kanta a kafaɗata.

A hanya ta sake yi sau biyu. Ina ta cewa, "Yaya, riƙe ni, mun kusa," alhali ko rabi ba mu yi ba. Wajen gonakin auduga ta motsa baki, na kai kunnena.

"Kin rufe kifin? Shirwa za ta kwashe."

"Na rufe," na ce, ƙarya nake.

Daga nan jikinta ya yi nauyi a hannuna. Ban gaya wa mai babur ba sai da muka isa ƙofar asibiti.

Kayeny ta haihu kwana tara bayan an binne uwarta, 'ya mace. Ni na riƙe ta, ni na wanke jaririyar. Tana kwance tana hawaye ta kama hannuna ta ce, "Inna Pimer, Allah ne ya bar mana ke. Mama ta ce duk duniya ba ta da kamarki." Wayyo! Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce mata ta yi shiru kada nono ya ɗauke, na fita waje wai zan zubar da ruwa.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Wata safiya ina tankaɗen garin rogo sai ga Sista Giramia da jakarta, a ƙafa, babu mota. Ta yi wa Kayeny gaisuwa, sannan ta shigo wurina ta zauna a kan turmi. Sistar ta rame, yarinyar.

"Mama, ke ce kika fi kusa da ita," ta ce. "Ba ta taɓa ce miki ta ga wani abu ba? Na duba takardunta har na gaji. Idonta ya yi fari, na gani, amma gwajin ya ce babu jini, sai na yarda da gwajin. Da na bi idona da na sa ta a mota ranar." Ta gyara zama a kan turmin. "Yanzu likitocinmu suna cewa ƙila gwajin ne ba ya kamawa, ƙila a daina dogara da shi. Mutum ɗari uku muke yi wa shi, Mama. In ba shi ba ne, to ni ce ban iya ba."

Na ci gaba da tankaɗe, garin ma ya riga ya ƙare a rariya.

"Ga wani abin kuma," ta ce, ta zaro takarda. "Sakamakon birni ya dawo. Ƙwan tsutsa cike, kamar wadda ba ta taɓa shan magani ba. Alhali da hannuna na ba ta, sau biyu, a gabana ta haɗiye."

Na ajiye rariyar.

"Sista, gwajinki lafiyarsa ƙalau. Ke ma haka."

Ta kalle ni.

"Ba nata ba ne. Nawa ne."

Na faɗa mata duka, da baƙin da ta gani, da tiyon Okethi, da ranar kasuwa da na ƙara mata gyara. Ina jira ta tashi ta mare ni, ko ta kira Kayeny ta danga. Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. Can ta ce, "Kwana huɗu da sati uku da kwana biyar. Da an ɗaure sau goma."

"Na sani."

"Zan rubuta gaskiya a takardarmu, dole ne. Kayeny kuwa ba ni zan gaya mata ba. Wannan naki ne."

Ta sake duba takardar, ta dube ni, daga ido har ciki. Ta sa ni na kwanta a tabarma, ta danna ƙarƙashin haƙarƙarina na hagu, na ji zafin da na daɗe ina cewa na ɗaukar baho ne.

"Saifarki ta kumbura, Mama. Tun yaushe?"

Ashe ni ma abin yana cikina, kuma da ba don robar Atimango ba babu mai sani sai ranar da zan zubar da nawa a kan kifi. Ita ta tafi, ni kuma an gano nawa da sauran lokaci. Wannan rabon ban san inda zan kai shi ba.

Sista ta buɗe jaka ta fito da sabuwar roba mai jan murfi. Ta tambayi yadda ake rubuta sunana, ta rubuta, ta miƙo. "Gobe da safe, a gindin mangwaro. Naki, da ƙafarki."

Bayan ta tafi na rasa inda zan ajiye ta, sai na ɗora ta a ɓular danga. Ta can ɓangaren Kayeny ta shanya zanin goyon da uwarta ta saya, tana yi wa jaririyar waƙa. Da ta hango ni ta ɓular sai ta ce, "Inna, akwai garwashi?"

Na ce, "Akwai. Bari in zagayo in kawo miki, ina da magana."

Na ɗebi garwashin a kasko, na tsaya a tsakar gida da shi a hannu, yana ta hucewa.