Makarar Baba Isiyaku a Kwanar Famfo

"Ku ja baya! Ku ja baya, kan ya tokari bango!"

Masu ɗauke da makarar suka ja baya taku biyu, suka sake gwadawa. Kan ya wuce, ƙafar ta maƙale a jikin bangon famfo. Malam Ya'u liman ya ɗaga hannu ya ce a sauke. Haka aka ajiye gawar Baba Isiyaku a tsakiyar lungu, hantsi ya fara zafi, mutum fiye da ɗari cunkushe a baya ana ta tambayar me ya faru.

Ni na gina bangon nan.

Unguwar Magina tana gangaren kogi, tsohuwar unguwar masu ginin tukwane ce. Lokacin da na gama karatun injiniya, rabin gidajenta a garƙame suke da kwaɗo. Masu hali sun koma bakin titi. Kwata ta toshe, mata na sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, dattawa kuwa na zaune a dakali suna cewa Allah ya kawo sauƙi. Shekara talatin ana jiran sauƙi a zaune! Na tara samari muka shiga aikin gayya duk Asabar. Muka yashe kwata, muka daɓe lungu da siminti, muka haƙa rijiyar burtsatse. A kwanar da lungun ya karya zuwa masallaci muka ta da bango mai famfo shida. Gidaje uku suka dawo saboda ruwan nan.

Baba Isiyaku maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shi ke wanke mazan unguwa idan sun rasu, kuma a zaurensa ake jingine makara. Ranar da muke jera bulo ya fito da doguwar gwangwala, ya riƙe ta a kwance, ya gwada juyawa da ita a kwanar.

"Garzali, makara ba za ta juya a nan ba."

"Baba, na auna. Mita ɗaya da rabi. Babur zai wuce, kurar ruwa za ta wuce."

"Na ji. Ai su gajeru ne."

Sabo birkila ya tuntsire da dariya. "Baba, kai da ka fi mu lafiya, wa ake shirin ɗauka?"

Ni ban yi dariya ba. Na ce, "Mu aikin masu rai muke yi. Zancen matattu shi ya hana unguwar nan motsi."

Baba Isiyaku ya dube ni, ya dubi bulon. "To, Allah ya sa wa ruwan albarka." Ya koma gida yana jan gwangwalarsa. Dattawan dakali duk sun ji abin da ya faɗa. Sun san gaskiya ce, tun da sun sha ɗaukar makarar a kafaɗunsu, amma ko ɗaya bai miƙe ba. Har yau wannan yana ci min rai.

Bayan mako uku ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Kullum da safe nakan kai masa ruwan famfon a kwanon sha. Wata rana ya kurɓa ya ce, "Ya fi na kogi daɗi. Amma kar ka gaya wa kogin, tsohon abokina ne." Bai sake yi min maganar kwanar ba. Da asubar ranar da makarar ta maƙale ya cika.

Ga shi yanzu a ƙasa cikin likkafani, ana musu a kansa. Wani ya ce a ɗaga a haura ta saman bangon, amma kwanon rufin gidan kusa ya sauko, ga wayar lantarki. Wani ya ce a miƙar da makarar tsaye, a riƙe shi da kyau, minti ɗaya ne kawai. Wasu har sun sunkuya za su kama.

Sai muryar Inna Dije, matarsa, ta fito daga bayan ƙyauren zaure.

"Malam Ya'u, a yi min afuwa, zan yi magana. Shekara arba'in Malam yana fitar da mazan unguwar nan a kwance. Bai taɓa karkata kowa ba, har mahaifin Garzali. Ba za a miƙar min da shi tsaye kamar ƙyaure ba."

Ba wanda ya kalle ni, kuma hakan ya fi kallon ciwo.

"Sabo, ina gudumarka?"

Ya matso kusa da kunnena. "Injiniya, fayif ɗin duk a cikin bangon yake. Ka fasa, sai mata su koma garuwa har Allah ya yi ikonsa. Kuma makullin ɗakin tanki yana hannun Bilya mai kula da shi, ya tafi kasuwar Darki tun jiya, ba mai rufe ruwan."

"Kawo ta."

Ni na dage a zuba siminti da yawa don kada a ce aikin yara ne. Bugu goma, ɓawo kawai ya ɓantale. Gumi na shiga idona. Sai Alhaji Muttaka, shugaban masu zaman dakali, ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa ya fizge gudumar.

"Ba haka ake riƙe ta ba, ɗan boko. A gaɓar bulo ake dukanta."

"Da kun tashi tun ranar, Alhaji."

"Da ka ji tun ranar."

Ya buga uku, ya miƙa wa na kusa. Gudumar ta zaga hannu bakwai kafin kusurwar ta zube. Ruwa ya yi tsartuwa har jikin katangar da ke fuskantarmu. Aka yi maza aka ɗaga Baba Isiyaku kafin ya iso gare shi. Mutane suka cire takalma, suka tattare wanduna. Makarar ta juya a kwance, a hankali, ba ta taɓa ko'ina ba.

Na tsaya na cusa tsumma da guntun ice a bakin fayif ɗin, sannan na bi su da sauri don kada salla ta wuce ni. Daga kwanar zuwa masallaci simintin a bushe yake. Sawayen jiƙaƙƙun ƙafafu sun cika shi, manya da ƙanana, wani a kan wani, rana ta fara shanye su daga gefe.