Malam Tanko Ya Je Ganin Waɗanda Aka Yaye

Malam Tanko makanike ne a Gyadi-Gyadi. Shekara ashirin da wani abu yana kwance injin babur, da Adaidaita Sahu ta cika gari ya koma kanta. Bokonsa aji uku ne na firamare, kuma ba ya ɓoyewa. Amma 'yarsa ta fari, Nafisa, ta yi digiri a kan kwamfuta har ta gama bautar ƙasa. Duk direban da ya kawo gyara sai ya ji wannan labari, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Ranar wata Litinin bayan la'asar yana tsakar gida yana goge baƙin mai da tsumma, Nafisa ta durƙusa ta ajiye takardu a gabansa.

"Baba, an ɗauke ni digiri na biyu. Wuri uku. Ran Juma'a ake rufe karɓa, dole in zaɓi ɗaya."

"Karatun mene ne?"

"Tsarin sarrafa bayanai."

"Yi min Hausa."

Ta yi dariya. "Yadda kamfani ko asibiti ke ajiye bayanansa a kwamfuta, Baba. Ya san abin da ya shigo, abin da ya ƙare, wa ya zo jiya, me aka yi masa."

"To. Me ya raba ukun?"

"Na farko ta intanet ake yi, daga gida."

"Malamin yana cikin waya?"

"Eh."

"Cire shi. Malamin da ba zan iya zuwa in same shi ba in abu ya lalace, ba malami ba ne. Na biyu?"

"Nan Kano, Asabar da Lahadi. Ya fi karkata ga kasuwanci. Mutum zai fito ya riƙe sashe a kamfani, shi ke faɗin irin tsarin da ake buƙata. Na uku a Ilorin ne, kullum ake shiga aji, shekara ɗaya da rabi. Can ana koyon ƙera tsarin da hannu."

"Ke wanne kike so?"

Ta sunkuyar da kai. "Wanda ka zaɓa, Baba."

Shi kam ya san wanda yake so. Ilorin tafiyar yini guda ce a mota, in hanya ta yi kyau ke nan. Nafisa ce ke auna masa hawan jini duk safiya, ita ce kuma kaɗai a gidan ke iya ce masa ya rage gishiri ya yi shiru.

Matarsa Hadiza ta leƙo daga madafa. "Malam, ka ce na Kano mana kowa ya huta."

"Ba na sayen inji a cikin kwali," in ji shi. "Kuma ba a tambayar maigida ko ya iya aiki, kowa cewa zai yi ya iya. Yaran da ya yaye ake zuwa a gani. Nafisa, nemo min mutum ɗaya da ya gama na Kano, ɗaya da ya gama na Ilorin. Da ƙafata zan je."

"Baba, ba gareji ba ne fa."

"Ko'ina gareji ne."

Ran Laraba da safe ya sa shaddarsa ta Juma'a, suka nufi Hotoro. Wanda ya gama na Kano sunansa Iliya, ɗan Kudancin Kaduna, yana aiki a wani kamfani mai rarraba kayan masarufi. Ofis mai sanyi, kujera mai juyawa, aka kawo musu lemo. Iliya ya russuna ya gaishe shi, ya nuna masa a allon kwamfuta yadda yake ganin kowace motar kamfanin da inda ta kai da abin da ta ɗauko.

"Kana cin abinci da wannan karatu?" Malam Tanko ya tambaya kai tsaye.

"Mun gode Allah, Baba. Har da nama."

"In abin ya lalace wa ke gyarawa?"

"Akwai masu yi. Ni nake zama da manajoji in ji damuwarsu, in tsara, in gaya wa masu ƙerawa abin da ake so."

"Maigida ke nan," in ji Malam Tanko, ransa fari ƙal. Ya waiga ya kalli Nafisa. Tana zaune a gefen kujera, jaka a cinya, ta ce, "Masha Allah, aiki mai kyau." Lemonta ma ba ta buɗe ba.

Da suka fito sai da ya ji kamar ya ce a wuce gida. Me ya rage? Ga aiki, ga mutunci, ga 'yarsa a gabansa. Amma ya riga ya faɗa a gaban Hadiza cewa biyu zai gani, shi kuwa ba ya lashe amansa. Suka tari Adaidaita zuwa Darmanawa.

Wadda ta gama na Ilorin sunanta Esther, 'yar Filato. Shago ɗaya ne ta kama a cikin layi, da fanka, da benci, da kwamfutoci biyu, da gyaɗa a leda. Silifas ne a ƙafarta. Malam Tanko ya dubi wurin sama da ƙasa. Garejinsa ma ya fi nan faɗi.

"Sannu da zuwa, Baba, ku yi haƙuri, kun same ni a cikin wuta," in ji Esther. Ta ce ƙananan asibitoci take ƙera wa tsari, don kada katin mara lafiya ya ɓata. Tun safe wani asibiti ke kiranta: duk lokacin da intanet ta yanke ta dawo, sai mara lafiya ɗaya ya fito sau biyu, ma'aikaciyar jinya ta rasa wanne ne na gaskiya.

"Wato aikin naki ne ya lalace," in ji shi.

"Nawa ne, Baba. Ni na haɗa, ni zan kwance."

Bai so ya ji daɗin wannan amsa ba, amma ya ji. Ya buɗe baki zai yi tambayar abinci, sai ya ga ba shi ake saurare ba. Nafisa ta bar gefensa. Tana tsaye a bayan Esther, ta sunkuya har hijabinta na taɓa tebur.

"Yaya Esther, in tsarin ya sake turo bayanin, da me yake gane cewa ya taɓa turowa?"

"Da suna da lokaci."

"To ai lokacin canzawa yake yi."

Esther ta bugi tebur. "Ke! Jawo bencin nan."

Bencin da Malam Tanko zai zauna a kai ne. Nafisa ta ja shi ba ta ko waiga ba. Ta naɗe hannun hijabi, ta jawo kwamfuta ta biyu, ta ɗebi gyaɗar mutane ta watsa a baki. Suka shiga wani yare da bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da shaddarsa ta Juma'a, sannan ya sami wani bulo a inuwa ya zauna. Har aka kira azahar ba wanda ya tuna da shi. Ya je masallacin layin ya yi salla ya dawo, suna nan yadda ya bar su.

Ya san wannan abu. In aka kawo masa mai koyon aiki, ba ya yi masa tambaya. Inji yake buɗewa ya bari, ya ce zai je ya dawo. Wanda ya tarar da hannunsa fes, ya san ko ya shekara goma ba zai iya ba, gara a nema masa wata hanya. Wanda ya tarar ya ɓata hannu da baƙin mai, ko da ɓarna ya yi, wannan ya zo gida.

Can sai ya ji shewa daga ciki. Nafisa ta fito da sauri, ta gan shi a kan bulo, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Baba, ka yi haƙuri, wallahi na manta..."

"Na gani. Ya gyaru?"

"Ya gyaru."

"Mu tafi."

Suka hau Adaidaita zuwa gida. Direban Adaidaitar ma da injinsa ke tari bai sha faɗa ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Sai da suka shiga gida, ya cire hula, ya zauna a tabarma.

"Ilorin za ki."

Hadiza ta saki ludayi. "Malam! Ba ka ga ofishin yaron nan ba? Ita da kanta ta ce min a waya ya yi kyau."

"Ya yi kyau. Na wani ne." Ya juya ga Nafisa. "Ke kuma, na tambaye ki wanda kike so, kika ce wanda na zaɓa. Da na bi bakinki da na zaunar da ke a kujera mai juyawa kina ta cewa Masha Allah har ki tsufa. Kada ki ƙara yi min irin wannan kunyar."

Idonta ya cika da ƙwalla. "Baba, ai nisan ne. Kai da Umma..."

"Nisan nawa ne, ba naki ba. Je ki cika takardar tun Juma'a ba ta zo ba." Ya ja tsaki, ya goge fuska da hula kamar gumi ne ya dame shi. "Hadiza, in lokaci ya yi a sayo goro mai kyau, fari. Ni zan kai ta, in damƙa ta a hannun malamin, in ce masa ga amana."

Nafisa ta yi dariya cikin hawaye. "Baba, ba a yin haka a jami'a."

"To a kaina za a fara."