Sadakar Maryama a Lungun Zahir

Ƙamshin man riɗi ne ya tare Lurwanu a bakin lungu, yana dawowa daga sallar asuba. Ya tsaya cak, ya shaƙa, ya shiga ƙirga kwanakin wata a zuciyarsa. Ƙirgan bai fita ba.

Shekara uku ke nan da Yunus, wani tsoho mutumin ƙasar Sin, ya kama ɗakin gwangwanin da ke ƙarshen lungunsu a gefen Zahir, inda Hausawa mazauna Makka suka yi gungu. Sana'arsa murza taliya da hannu, yana sayar wa alhazai. Sau uku a shekara yake irin wannan suyar: ranar da mahaifinsa ya rasu, ranar mahaifiyarsa, da ranar ɗansa da aka ɗauka soja bai dawo ba. Yakan yi wanka, ya sa fararen kaya, ya soya wata gurasa zagayayyiya, ja kamar bayan waina, ya naɗe a ƙyalle mai tsabta, ya bi gidaje bakwai na lungun yana miƙawa. Lurwanu ya san ranakun sarai, domin shi ɗan ga-ruwa ne, kuma a jajibirin kowace suya garwa huɗu tsohon yake nema maimakon biyu. Jiya ma huɗu ya nema. Amma yau ba ranar kowa ba ce cikin mutanen nan uku.

To, wa ya ƙaru?

Ƙarƙashin wannan tambaya akwai wata da ta fi ta nauyi, wadda ta daɗe tana nukurkusar Lurwanu. A gidajen nan bakwai, har da nasa, babu inda aka taɓa kai gurasar baki. Da hannu biyu ake karɓa, a ce Allah ya saka da alheri, a jira tsohon ya juya baya, a zuba wa awaki.

* * *

Da hantsi ya ɗebo ruwa, garwa biyu na lilo a sandar da ta riga ta yi wa kafaɗarsa kanta. Ya tarar da Yunus durƙushe gaban kasko, yana sa gurasa cikin mai ɗaya bayan ɗaya, leɓunansa na motsi. A kan akwatinsa akwai wata takarda mai laushi, an cika ta da rubutun da ya yi kama da sawun kaji.

Larabcinsu duka biyu gurgu ne, amma shekara uku ta koya musu jin juna. Ammi Lurwanu yake kiran tsohon, wato baffa da Larabci.

"Ammi Yunus, yau kuma ta wa ce?"

Tsohon bai ɗago ba. "Maryama. Matata. Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwarta. Takardar ta bi ta Hong Kong, ta zauna a aljihun wani ɗan jirgin ruwa, sai shekaranjiya ta iso. Ina nan ina ajiye mata farin yadin da za ta yafa ranar da za ta ga Ka'aba, ashe an riga an yafa mata wani."

Lurwanu ya sauke garewanin a hankali, ya tsugunna, ya yi masa ta'aziyya. Can ya ji bakinsa ya furta abin da bai yi niyya ba.

"Me ya fito da kai, Ammi, har ka baro ta?"

"Abin da ya fito da kai, ya Lurwan." Yunus ya juya gurasa da wasu siraran sanduna biyu. "A garinmu gona ta yi kaɗan, bakuna sun yi yawa. Wannan runduna ta wuce ta kwashe alkama, waccan ta zo ta kwashe samari. Kowane gida sai ya fitar da mutum ɗaya waje domin saura su ci. Ƙanena yana Singafo yana dako. Ni na ce tunda fita ta zama dole, bari in fita zuwa ɗakin Allah. Na ce mata shekara ɗaya, in aiko ta taho. Ina fitowa mulki ya sake hannu, hanya ta rufe."

Ya tsame gurasar ya ɗora kan 'yan'uwanta.

"A nan ba wanda ya taɓa buga min ƙofa da gindin bindiga. Ina ƙoshi. Ina tafiya Harami da ƙafata. Amma ban san wanda ya riƙe kanta ba, ban san inda aka sa ta ba. A wurinmu mutum yakan je kan kabarin nasa ya zauna ya yi karatu. Ni abin da ya rage min wannan kaskon ne. Iyayenmu sun ce idan maƙwabta suka ci, suka yi addu'a, ladan yana isa ga mamacin."

Sai a lokacin ya ɗago ya dubi Lurwanu.

"Yau ba zan kai gida gida ba. Zan shimfiɗa tabarma a ƙofata bayan la'asar. Ka gaya musu su zo su ci a nan." Ya ɗan murmusa, murmushin da babu daɗi a cikinsa. "Awakin lungun nan sun san hannuna fiye da masu su. Na iyayena na haƙura. Na Maryama ina so mutum ya ci."

Lurwanu ya ji kamar an watsa masa ruwan garwarsa a fuska. Ashe duk shekarun nan tsohon ya sani.

* * *

Baba Tijjani, dattijon lungun, yana kishingiɗe a inuwa yana jan carbi lokacin da saƙon ya iske shi.

"Allah ya jiƙanta," ya ce. "Fatiha kam daga nan ma tana isa. Amma ci? Kai Lurwanu, mutanen da aka ce duk abin da ke rarrafe a ƙasa tukunyarsu yake shiga?"

"Baba, wa ya ce? A sahu ɗaya muke salla da shi. Ni nake kai masa ruwa, na ga tukunyar. Gari ne da mai da gishiri."

"Ka ga tukunyar yau. Ka ga ta kakansa?"

Waɗanda ke zaune suka kwashe da dariya. Awwalu mai wanki ya ce, "Ka bar shi, Baba. Gobe za mu gan shi yana cin tuwo da tsinke biyu."

A gida ma bai sami sauƙi ba. Matarsa Ummulkhairi tana tankaɗe, ba ta ko tsaya ba.

"Malam, ka rufa mana asiri. Matan lungu su ce mijina ya zauna tabarmar Sinawa? Da wane ido zan aika a karɓi ƙosaina gobe?"

"Ummu, kin tuna abin da na gaya miki na gidan attajirin nan na cikin gari? Na juye musu ruwa, uwargidan ta sa aka wanke bakin randar saboda hannun Takari ya taɓa. Kin yi kuka ranar."

Hannunta ya tsaya a kan rariya na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba. "Wannan daban," ta ce, a hankali.

Lurwanu ya fita ya zauna bayan ɗaki, inda ba kowa. Shekara goma sha huɗu ke nan da ya baro Gummi a ƙafa. Ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin damina biyu. Shida daga cikin shekarun sun ƙare a gonakin audugar Sudan, yana neman abin da zai tsallake teku da shi. Labarin rasuwarta a bakin wani alhaji ya ji shi, a tsaye, cikin cunkoson kasuwa, bayan ta shekara uku a ƙasa. Ranar ya sayi dabino ya raba a ƙofar Harami. Hannuwa sun miƙo ta ko'ina, dabinon ya ƙare nan take, kuma babu ko mutum ɗaya da ya tambaye shi sunanta.

* * *

Bayan la'asar Yunus ya shimfiɗa tabarmar. Ya jera kofuna bakwai na shayi, ya ɗora tulin gurasar a tsakiya, ya zauna ya harɗe ƙafa cikin fararen kayansa. Ƙofofin lungun duk a rufe suke, sai dai kowane labule yana da 'yar kafar da ido ke leƙowa.

Awaki ne suka fara zuwa. Sun san ƙamshin. Suka taho daga gidaje bakwai, suka yi cirko-cirko a gefen tabarmar, suna miƙa wuya. Yunus bai kore su ba. Ya dai sa tafin hannunsa a kan tulin.

Lurwanu ya jingine sandarsa a jikin bango, ya wanke hannu, ya bi tsakiyar lungun a hankali, ta gaban inuwar Baba Tijjani, ta gaban ƙofar Awwalu. Ya tuɓe takalmi ya yi sallama ya zauna. Ya ɗauki gurasa ɗaya zai kai baki, tsohon ya taɓa masa hannu.

"Ba a gatsa. Da hannu ake gutsura."

Ya gutsura, ya yi bisimilla, ya ci. Tana da taushi, da ɗan gishiri, ba ta da wani abu da ya bambanta ta da abincin mutane. Suka ɗaga hannu suka yi wa Maryama addu'a, kowa da irin Larabcinsa. Kafin su shafa, Yunus ya ce, "Kai ma kana da naka a can. Wane ne?"

"Mahaifiyata."

"Sunanta?"

Da ƙyar Lurwanu ya ce, "Sa'adatu."

"Sa'adatu," tsohon ya maimaita, yana lallaɓa sunan a harshensa, ya sa ta cikin addu'ar.

Babu wanda ya ƙara fitowa. Inuwar bango ta miƙe ta rufe tabarmar, shayin kofuna shida ya huce. Lurwanu ya ƙoshi tun a gurasa ta uku, amma ya dubi tulin, ya dubi awakin da ke jira, ya miƙa hannu ya ɗauki ta huɗu, ya gutsura.