Bangon Inna Cima

"Matso da shi nan, Nuhu, idona bai kai can," in ji Baba Altine.

Na ɗora ordinate, wato kwamfutata, bisa turmin da aka kife kusa da tabarmarsa. Wata biyu ke nan ƙafafunsa sun kumbura, ɗiyarsa Rahila ce ke tayar da shi ta jingina. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Tamaske. Ni mai zana gidaje ne, ba wata makaranta na je ba, da lalube na koya har na iya.

Ɗansa Surajo ne ya kira ni daga Abijan. Yana son a rushe gidan ƙasa a yi na siminti, tsohon kuwa ya ƙi saboda bango guda: na ɗakin matarsa, marigayiya Inna Cima. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, ita ke yaɓe shi da jar ƙasa da ƙaiƙayi, tana jan yatsunta kamar mai shara. Muna yara mukan tsaya kallo, ta kore mu da hannu duk laka, ta kuma kira mu shan fura.

"Ka liƙa kamannin bangon a zanen," Surajo ya ce. "In ya gani ya yarda. In an gina, fenti ne kawai."

Na yi. Na ɗauki hoton bangon kamar kamu ɗaya, na sa shi cikin manhaja ya zama fatar gini. Kwana biyu ina gyara ja, ina ƙara zurfin sawun yatsu don inuwa ta kwanta ciki, har na shimfiɗa shi ko'ina a sabon gidan. Ina yi ina tambayar kaina: in ƙarya ta sa mai mutuwa ya huta, wa aka cuta? Aikin dai ya yi kyau.

Baba ya daɗe yana kallo. Na juya masa gidan, gaba da baya.

"Tsaya. Ƙara mini girman wurin ga."

Na ƙara. Ya sa yatsa bisa allon, inda sawun ya karkace ya yi ƙasa.

"Ka san mi ya yi wanga?"

"A'a, Baba."

"Tana cikin yaɓe aka shigo aka ce an haifa wa Surajo ɗa, mun yi jikan fari. Hannunta ya zame, ta bar shi haka, ta ce alama ce. Shekarar ce ta ƙarshe da ta yi yaɓe." Ya ja yatsansa gefe. "To ga shi nan kuma. Ga shi nan. Ga wani bisa tagar can. Nuhu, jikoki nawa ka ba ni?"

Rahila ta tuntsire da dariya, ta rufe baki da gyale. Ni kuwa sai a nan na lura. Manhajar maimaita hoton take yi, layi bayan layi, ni da na saba da hakan ban ma gani ba.

"Cima ba ta taɓa jan hannu iri ɗaya sau biyu ba," ya ce. "Wa ya sa ka?"

Na buɗe baki zan faɗa, ya ɗaga hannu.

"Bar shi, na san shi. Ba mugu ba ne, kunya yake ji abokai su ga gidan ubansa." Ya numfasa. "Ya gina abinsa, ni na gama kwana a nan. Amma ka zana mini gaskiya. Siminti ya fito siminti. Bangonta kuma ka bar shi inda yake, guda ɗaya, yadda Allah ya yi shi."

Na koma na cire fatar daga ko'ina. Gidan ya fito toka-toka, sumul. Na ɗauki hoton bangon gaba ɗaya, har da tsagar gindinsa, na tsayar da shi a tsakar gida, na matsar da falo kamu huɗu don ya sami wuri. Falon ya ƙanƙance. Ban gaya wa Surajo ba.

Ranar Laraba na kai masa. Ya ƙirga zamewar hannun, ya sami ɗaya.

"Yawwa," ya ce. Ranar Alhamis bayan la'asar ya cika.

Surajo ya iso bayan an yi kwana uku. Da aka watse zaman gaisuwa, ya buɗe takardar zanen a tsakar gida, magina na jira da igiya da turaku.

"Ba haka muka yi da kai ba, Nuhu. Ina falona?"

"Na gwada yadda ka ce. Ya gane."

"Ta yaya?"

Rahila ta kama hannun rigarsa, ta kai shi gaban bangon, ta nuna masa wurin. Ban ji abin da ta faɗa ba. Ya tsaya har magina suka zauna a inuwa. Sannan ya ɗaga hannu ya sa yatsunsa cikin sawun, sun fi ramin kauri, ya bi shi a hankali har inda ya zame.

Da na fito washegari, na tarar an kafa turaku. Igiyar ta taho miƙe daga ƙofar gida, da ta zo daidai bangon ta kauce kamu huɗu, ta wuce. Wata kaza na tono a gindinsa.