Buhun Yashin Alƙasum

Muktari yana da wani zare mai ƙulli da yake auna damtsensa da shi duk Juma'a. Shekara shida ke nan yana ɗaga ƙarfe a bayan gidansu a Tahoua, gwangwanaye biyu cike da siminti a kan sandar ƙarfe, har riga ta daina shigarsa sai da lallashi. Gudu kuwa bai yarda da shi ba. Abokan ɗaga ƙarfensa sun ce gudu narkar da ƙwanji yake, shi kuma ya hau ya zauna.

Yayansa Alƙasum yashe rijiya ne sana'arsa. Yakan sauka gaba talatin cikin ƙasa, ya yi ta cika guga da laka, mutum uku na ja daga sama, na gaba shi ke ɗauke da yawancin nauyin. Tsoho Aghali ne na gaba shekara goma sha biyar, amma bana kafaɗarsa ta gaza. Muktari ya ce shi zai gaje shi. Ba kuɗin ne ya dame shi ba, so yake yayan nan nasa, da har yanzu yake masa kallon ɗan gayu, ya damƙa masa ransa ko sau ɗaya.

Alƙasum bai ce a'a ba. Ya kai shi wata tsohuwar rijiya a Kalfu, ya sa ya ja guga arba'in shi kaɗai, sannan aka ɗaura buhun yashi a igiyar. Tun a guga na ashirin Muktari yake haki kamar ɗan akuyar da aka kora. Buhun ya taso rabi, hannuwan nan da ake taƙama da su suka saki. Sai da suka ɗan jira kafin su ji faɗuwarsa.

"Ni ne wancan da ka ji ya faɗi," in ji Alƙasum, ya kaɗe hannunsa ya nufi babur.

Abin ya yi wa Muktari ciwo ƙwarai. Ya jefa gwangwanayen bayan ɗaki, ya shiga gudu kullum da sassafe a hanyar Barmou, wata guda cur, da zafin rai irin na wanda aka ci wa fuska. Da suka koma Kalfu ya ja arba'in ɗin yana ma hira. Sai dai buhun ya tsaya cak a tsakiya, ya ƙi sama, dole ya mayar da shi ƙasa a hankali.

Aghali, wanda ya rako su, ya zauna kusa da shi a inuwa. Siririn mutum ne da ya yi kiwo tun yana yaro, yana iya wuni yana tafiya.

"Ɗana, yanzu ka koma ni," ya ce. "Wanga aiki, kaya mai nauyi shi ka zuwa ƙarshe, bayan ka gaji. Ƙarfe da gudu, kak ka yada guda don guda. Kuma ka bar jiki shi huta, ba jaki ba ne."

Muktari ya daɗe yana juya maganar. Ya kwaso gwangwanayensa ya wanke. Ya raba mako: yau ƙarfe, gobe hanyar Barmou, Juma'a hutu. Ran Asabar yakan yi gudun tukuna, ya dawo jiƙe da gumi, sannan ya ɗauki ƙarfen, don ya saba da ɗaga nauyi a gajiye. Wata Juma'a ya zagaya zaren a damtsensa, ya ga yatsa na shiga tsakani. Ransa ya ɓaci, ba ƙarya. Ya tsaya yana kallon zaren, daga baya ya ɗaure bakin buhun gero da shi.

Da rani ya kama aka kira su aiki a Takanamat. Muktari ya duba bayan babur bai ga buhun yashi ba. Alƙasum ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya miƙa masa ɗaya ɓangaren ba tare da ya dube shi ba, ya yi bismilla ya sauka.

Guga hamsin da uku suka fitar, rana ta take. Sai igiya ta motsa sau uku, alamar wanda ke cikin rijiya na son fitowa. Muktari ya kafa ƙafa, ya daidaita numfashi kamar yadda yake yi a hawan tudu, ya ja. Tsoro ya cika shi, amma ya ci gaba da ja. Kan Alƙasum ya ɓullo, laka har gira.

Sai da suka sha ruwa Muktari ya iya magana.

"Yaya, ai buhun nan ya hi ka nauyi nesa."

Alƙasum ya ci gaba da kankare laka daga ƙafarsa.

"Na sani, ni na auna shi," ya ce. "Na ƙara da nauyin ɗiyata Balkisa. In ka sake ni, kai za ka ɗauke ta."