Kwantenar da Sojoji Suka Bari

Ni na yi wautar, ba zan ɗora wa kowa ba. Abincin gayya a gona ake kai shi, bayan an yi gumi, ko yaro ya san haka. Ni kuwa Mero sarkin tausayi, na dubi fuskokinsu da safe na ce su fara shan kunu a ƙofar gida.

Dawarmu ta nuna a gonar bakin daji, gabas da Dayi. Mijina Labo yana kwance tun da 'yan bindiga suka harbe shi a cinya. Sojojin da ke zaune a firamaren ƙauyenmu an ɗauke su sati biyu ke nan, jiya kuma an ga baburan mutanen daji a rafi. In ba a yanke dawar nan yau ba, mu shida ba mu da abin kaiwa baki. Shi ya sa na kira gayya, na share rumbu na niƙa.

Ana cikin shan kunu, Mudi ƙanin Labo ya tsokano zancen kwantenar ƙarfen da sojoji suka bari a kulle bayan aji.

"Wallahi bindigogi ne a ciki! Soja ba ya tashi bai bar ajiya ba."

Baba Ayuba, wanda ya yi shekara ashirin a soja kafin ya dawo noma, ya ajiye ludayi. "Kai Mudi, harsashi ɗaya ya ɓace sai an tsare mutum. Wa zai bar maka bindiga?"

"Ai dole ka ce haka, Baba. Rantsuwa aka sa ka yi."

Shi ke nan! Duk musun da tsohon ya yi, sai su ce ka ji, ɓoyewa yake. Wani ya ce a Kafur ma an ce akwai rami cike da makamai. Wa ya gani? Oho.

Na durƙusa a gabansu, ni da na girme wa rabinsu. "Don girman Allah ku taso, rana tana yi!"

"Matar yaya, kwantar da hankalinki," in ji Mudi. "In muka samu bindiga, har cikin daji za mu yi noma."

Maza goma sha bakwai suka jingina lauje, suka ɗauki guduma. Na bi su ina kuka, ina zagi, ban bar ko uban wani ba. Sai azahar kwaɗon ya karye. Buhunan yashi, tsofaffin tayoyi, da tukunya mai huda. Mudi ya share gumi ya ce lallai a ƙarƙashi suka binne, a kawo diga.

A lokacin na hango hayaƙi daga gabas. Daidai wajen gonarmu. Na ruga ba ko takalmi, Baba Ayuba kaɗai ya biyo ni yana haki.

Mutanen daji sun cinna wa gonar wuta sun tafi. Karan yana ta ƙara, ƙasa tana ƙona ƙafa. Muka shiga tsintar zangarniyar da ba ta gama babbakewa ba, ni a zani, shi a hula, har la'asar. 

A gida na sussuka, na sheƙe, na zuba a ƙwarya. Hatsin ko cika ta bai yi ba. Labo ya ɗago daga tabarma ya leƙa, ya dubi yaranmu huɗu da suka zagaye ni, ya juya fuskarsa bango.