Mamarin Pavia na Uku

Pavia ya tsaya a bakin ramin da ya huda a ƙanƙarar teku, yana kallon baƙin ruwa. Sandar da ya gitta a kan ramin babu ita, mamarinsa da ya ɗaure a jikinta, igiyar kamun kifi mai ƙugiya ɗari biyar, ma babu. Ramin kuma ya ƙara faɗi, kamar an sassare bakinsa. Karo na biyu ke nan a mako guda.

Wurin kamun na mahaifinsa ne, gab da inda babban dutsen ƙanƙara ya gangaro daga tudu ya kwanta bisa teku. Tsohon ya koya masa: a soki ƙanƙara da dagi sau uku, in ba ta fashe ba, ta isa ta riƙe komai. Pavia kuwa, in ubansa ya faɗi magana, to an gama.

Mutum ɗaya ya san wurin, Qillaq, mijin ƙanwarsa Bolethe. Shi ne kuma tun farkon sanyi yake ta naci wai ruwan ƙasan teku ya yi ɗumi, yana cin dutsen da ƙanƙarar ta ƙarƙashi, gara Pavia ya tashi daga nan. Biri ya yi kama da mutum.

Ya kora karnukan da ke jan kekensa na kan ƙanƙara har ƙofar gidan Qillaq. Bolethe ta zuba masa gahawa a kofi, bai taɓa ba.

"Kifin nan da ke rataye a waje, daga ina?"

"Daga teku mana, Yaya. Ko sama ake yinsa yanzu?"

"Ki gaya wa mijinki, in wurin Baba yake so, ya buɗe baki ya roƙa. Ba sai ya zama ɓarawo ba."

Ta ɗauke kofin ta juye a tukunya. "Ka san hanyar fita."

Washegari ya saka mamarinsa na ƙarshe. Ya soki ƙanƙarar sau uku, ba ta ce uffan ba. Bayan kwana biyu ya dawo da hantsi, ya ɓoye karnuka, ya kwanta bayan wani tudun ƙanƙara da tabarau na hangen nesa. Zuciyarsa na tafasa, har ya shirya abin da zai faɗa.

Ba wanda ya zo. Wajen tsakar rana ya ga bakin ramin ya yi duhu, ruwa ya tsatso. Sandar ta karkata a hankali, ta miƙe tsaye, ta nutse.

Ya rarrafa zuwa wurin. Ya ɗaga dagi ya soka sau ɗaya, dagin ya wuce har hannu. Tsoro ya kama shi, sannan kunya, wadda ta fi tsoron nauyi.

A hanyar gida ya hango Qillaq a gaɓa, da igiyar ceto a kafaɗa, ga alama ya daɗe a tsaye.

"Ka kama ɓarawon?" in ji Qillaq.

Pavia ya sunkuya yana kwance karnuka. "Bolethe tana gida?"

"Tana nan. Amma yau kofi biyu kawai ta fito da su, nawa da nata."